Kafin A Shimfiɗa Tabarmin Makoki

Yau daga gida nake magana, daga Kambaza, ƙasar Gwandu, jihar Kebbi. In kun ji ƙarar babur ko kukan jaki a bayana ku yi haƙuri, garin namu ke nan.

Maganar yau tana da nauyi, gara in faɗa muku tun farko. Wanda ya yi rashi kwanan nan, in ya ji ba zai iya ba, ya ajiye sai wani lokaci, ba laifi. Magana ce a kan zama kusa da mutumin da ke kwance ciwon ajali. Wanda likita ya gama nasa, mai magani ya gama nasa, kowa a gidan ya gane amma ba mai son furtawa.

Bari in fara da abin da duk mun sani. Mu Hausawa mun iya mutuwa bayan ta auku. A nan Kambaza in aka yi rasuwa da asuba, kafin hantsi an yi wanka, an yi sutura, matasa sun gama haƙa kabari, sahu ya cika. Mutanen Gwandu sun iso, na Birnin Kebbi suna hanya, na Kalgo da Jega da Aliero suna bugo waya. A shimfiɗa tabarmi ƙofar gida kwana uku, maƙwabta su yi ta shigo da abinci. Wallahi wannan abin alfahari ne, akwai ƙasashen da suka fi mu kuɗi da ba su da shi.

To amma ka koma baya da mako biyu. Ka leƙa ɗakin da mutumin nan yake kwance. Mutum nawa za ka gani? Galibi mace ɗaya ce. Matarsa, ko 'yarsa, ko wata tsohuwa da ta riga ta saba. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke jin nishinsa cikin dare. Sauran mu sai mu tsaya bakin ƙofa mu ce "ya jiki, Allah ya sawwaƙe", mu juya kafin a amsa. Mutanen da za su bar aikinsu su yi tafiyar awa biyar don su yi masa salla, da yawansu ba su ba shi awa ɗaya ba lokacin da yake iya gane fuskarsu.

Ba ina cewa ba mu da tausayi ba ne. Dalilan ina ganin guda uku ne. Na farko tsoro. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma fuskar mai ciwon ajali madubi ce, ba kowa ke son dubawa ba. Na biyu, ba mu san me za mu ce ba. Ka ce "za ka warke", kai da shi kun san ba haka ba ne. Ka yi zancen lahira, a ce kana yi masa fatan mutuwa. Sai ka zaɓi gudu. Na uku, mu matasa rayuwa ta warwatsa mu. Wani na karatu Sakkwato, wani na acaɓa Legas, wani na aiki Abuja. Sai mu turo kuɗi ta waya, mu sa hotonsa a WhatsApp mu rubuta a taya mu da addu'a, mu ji kamar mun sauke nauyi. Kuɗin yana da amfani fa, kada wani ya fahimce ni a baibai. Shi ke sayen magani, shi ke biyan mota. Amma kuɗi ba ya riƙe hannun mutum ƙarfe uku na dare. Zumunta a ƙafa take.

Akwai wata hanya da gidaje da yawa na yankinmu suka bi. A fara da asibitin Gwandu. A wuce Birnin Kebbi, Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko na Tarayya, ko a je na Kalgo. In ciwon daji ne ko na ƙoda da ya yi nisa, sai a ce Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A sayar da rago, a sayar da sa, wani lokaci a jinginar da gona. Sai ran nan likita ya ja babban ɗa gefe ya ce masa a hankali, "ku koma gida ku ci gaba da addu'a." Mu kuma abin da kunnenmu ke ji shi ne, shi ke nan, ba sauran abin yi. To a nan nake so mu tsaya. Aikin neman waraka ne ya ƙare. Wani aikin ya fara, kuma wannan aikin namu ne, ba na likita ba.

Abin mamaki, wannan aikin muna da shi a rubuce, kuma mun karanta shi a zaure. Duk wanda ya yi karatun ilimi a ƙasar nan ya san Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu shekara ta 996, sama da shekara dubu ke nan. A cikinta akwai babi guda da ya fara da abin da ake yi wa mai gargara kafin ma a zo ga wanka da likkafani. A fuskantar da shi alƙibla, a laƙƙana masa kalmar shahada, a tsabtace jikinsa da abin da yake kwance a kai, in ya cika a rufe masa ido. Ya kawo cewa wasu malamai sun yi rangwame a karanta Yasin wajen kansa, ko da yake Imamu Malik bai ɗauke shi abin da ake aiki da shi ba. Ya ce zubar da hawaye ba laifi, kururuwa ce aka hana. Ka lura, duk waɗannan abubuwa ba wanda za a iya yi daga nesa. Littafin ya ɗauka cewa akwai mutum zaune a wurin.

Ka dubi wafatin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya cika ne a ɗakin Nana A'isha, yana jingine a jikinta. Ɗan'uwanta Abdurrahman ya shigo da asuwaki a hannu, ta ga Annabi yana kallon asuwakin, ta gane yana so, ta karɓa ta tausasa masa. Gefensa akwai ƙwarya da ruwa, yana tsoma hannu yana shafa fuska. Ni wannan wurin na kallon asuwakin shi ke tsaya mini a rai. Bai yi magana ba, ita ta karanta idonsa. Wanda ya leƙo ya tafi ba zai ga wannan ba, sai wanda ya zauna.

Kuma a Sahihu Muslim akwai hadisin da ke nuna ranar alƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan bawanSa da ya yi ciwo bai je duba shi ba, a sanar da shi cewa da ya je da ya sami Allah a wurin. Mu da muke yawon neman inda ake karɓar addu'a, ga wuri an nuna mana, sau da yawa ma cikin gidanmu yake.

A nan ƙasar tamu ma ba baƙon abu ba ne. Gwandu da ke kusa da mu, nan hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake. 'Yar ɗan'uwansa, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi marsiyyoyi da yawa. Ta yi wa shi Abdullahi, ta yi wa Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo. Amma ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, ta yi wa wata baiwar Allah Zaharatu, wadda aka sani da zuwa wajen mata masu naƙuda da kuma shirya gawa. Ka ga irin matar da babbar malama kamar Asma'u ta ga ta cancanci a rubuta sunanta don kada a manta. Mace mai tarbar mai shigowa duniya, mai raka mai fita. Har yau kowace unguwa a Kambaza akwai irin wannan tsohuwa. Tambayar ita ce, in sun ƙare wa ya koya daga gare su?

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Baffana, ƙanen mahaifina, manomi ne, gero da damina, albasa da rani. Ciwon hanta ya kama shi, aka bi waccan hanyar da na faɗa har Sakkwato, aka dawo da shi gida cikin hunturu. Matarsa, da muke kira Inna, ta yi watanni ba ta yi barcin kirki ba. Sai aka raba, ita rana, ni dare. Kwana 19 muka yi.

Daren farko ina ta lalube, in yi wannan zance in yi wancan, ina tsoron shiru. Can sai ya buɗe ido ya ce da harshenmu na nan, "Kai dai zamna. Ba sai ka ce komi ba." Daga nan na gane aikina. In tsoma auduga a ruwa in jiƙa masa leɓe. In gyara masa matashi. In ja masa bargo in sanyin asuba ya sauko. In kunna masa rediyo ƙasa-ƙasa don ya saba jin labaran safe. In ya farka a firgice ya ce "wa ke nan?", in ce "ni ne Baffa", sai ya koma.

Wajen kwana na shida ya kira ni kusa ya ce, "Akwai buhun gero guda da nic ci bashi wurin wane, shekara huɗu ke nan. Ku biya shi tun ina ji." Ba wanda ya san da bashin nan, har Inna. Da safe aka kai. Mai geron ya zo da kansa yana hawaye, ya ce shi ya ma manta. Daren nan Baffa ya yi barcin da bai yi irinsa ba tun dawowarmu.

Sai na biyu. Akwai wani ɗan'uwansu da suka yi shekara 11 ba sa gaisawa saboda iyakar gona. Manya sun shiga, malamai sun shiga, abin ya ƙi. Ran nan Baffa ya ce, "Kiro mani shi." Mutumin ya zo bayan isha'i, ya tsuguna bakin ƙofa, ya kasa shigowa. Baffa ya miƙa hannu. Kun san me suka yi zance a kai? Ko sau ɗaya ba a ambaci gona ba. Wani jaki suka tuna da ya taɓa kayar da su su biyu hanyar kasuwar Gwandu suna yara. Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da mutumin zai tafi ya ce, "Allah shi gafarta muna." Baffa ya ce amin. Shi ke nan, shekara 11 ta wuce.

Ya cika wata Alhamis kafin kiran assalatu. Inna na riƙe da ƙafarsa, mahaifina na wajen kansa yana maimaita kalmar shahada a hankali, ni ina riƙe da hannunsa. Ba a yi ihu ba. Numfashi ya yi ta nisa da juna, har wanda ya fita bai dawo ba.

Abin da nake so ku ɗauka a labarin nan shi ne, bashin nan da sulhun nan, da ba mai zama da sun tafi kabari tare da shi. Mutum ba ya faɗa wa mai leƙowa irin wannan magana. Sai dare ya raba, sai ya tabbata ba sauri kake ba.

Daga baya na fahimci cewa likitocin duniya ma sun daɗe da gano wannan. A Ingila akwai wata mata, Cicely Saunders. Ta fara da aikin jinya, daga baya ta zama likita. A 1967 ta buɗe wani gida a Landan mai suna St Christopher's, musamman don masu ciwon ajali. Ita ta fito da bayanin cewa raɗaɗin mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne. Akwai na jiki, akwai na zuciya, akwai na damuwar iyali da abin da za a bar musu, akwai na tsakanin mutum da Ubangijinsa. In ka magance ɗaya ka bar uku, mutumin na nan cikin wahala. Buhun geron Baffa ai ciwo ne, kuma ba allurar da ke maganinsa.

A nan Afirka, wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Uganda a 1993. Ta kawo hanyar haɗa mofin na ruwa mai araha, wanda ake ba majinyaci a baki yana kwance gidansa. A 2004 Uganda ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta wannan magani, saboda likitoci ba su isa ƙauyuka ba. A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen irin wannan kulawa a 2007, da ƙoƙarin su Farfesa Olaitan Soyannwo. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar cewa kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ta zama cikin tsarin lafiyar kowace ƙasa. Duk da haka, ƙididdigar hukumar ta nuna mutum kusan miliyan 56.8 ke buƙatar wannan kulawa duk shekara, kuma kashi 14 cikin 100 kaɗai ke samu.

Me ya sa na kawo wannan? Saboda akwai wani tunani a cikinmu cewa mai ciwon ajali dole ya sha azaba, wai kankarar zunubi ce, a bar shi. Haƙuri ibada ne, gaskiya ne. Amma neman sauƙi ma halal ne. In za a sallamo ku daga asibiti, kada ku fito sai kun tambayi likita: wane maganin raɗaɗi za mu riƙa ba shi, sau nawa, in ya daina haɗiya yaya za mu yi, wa za mu kira in abin ya tsananta? Na san mutanenmu na tsoron irin waɗannan magunguna saboda abin da tiramol da kodin suka yi wa matasa, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Tsoron yana da dalili. Amma maganin da likita ya auna wa mai ciwon daji daban, shaye-shaye daban. Ku dai adana shi inda yara da samari ba za su kai hannu ba, kuma kada ku sayo a kemis da ka.

To yanzu, in Allah ya sa kai ne ko ke ce a wannan ɗaki, me za a yi? Ga abin da na koya wajen tsofaffinmu da ma'aikatan jinya.

Ka zauna daidai da shi. Kada ka tsaya kansa kamar mai karɓar haraji. Ka ja kujera ko ka zauna kan tabarma inda zai ga fuskarka. Wayarka ka juya ta ƙasa. Kuma don Allah, don Allah, a daina ɗaukar hoton mara lafiya ana yaɗawa. Mutumin da ya yi shekara 70 yana kare mutuncinsa, bai kamata hotonsa na ƙarshe da duniya za ta gani ya zama yana kwance ba riga ba.

Ka bar shi ya ja zancen. In ya ce "ni dai na san tafiya zan yi", kada ka yi saurin cewa "haba, daina faɗin haka". Ka rufe masa ƙofa ke nan. Ka ce, "me kake so a yi?" Ka tambaye shi a hankali ko akwai bashi, ko ajiyar wani, ko wanda yake so a kira. In yana da wasiyya a kira shaidu a rubuta. Lokacin da Annabi ya je duba Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yana ciwo, ai zancen wasiyya suka yi, a nan aka iyakance ta kada ta wuce sulusi. Wannan zance ba ya jawo ajali, kuma yana hana rigima bayan rai.

Ka ƙarfafa masa kyakkyawan zato ga Allah. Ba lokacin wa'azin wuta ba ne. Ka tuna masa alherin da ya yi, marayan da ya riƙe, sahun da bai bari ya wuce shi ba. Annabi ya yi umarni kada mutum ya mutu face yana kyautata zato ga Ubangijinsa, kuma mu da ke gefe mu ne za mu taya shi.

Kada a yi masa ɗure. Wannan yana ba iyaye mata wahala, don a wurinmu ciyarwa ita ce ƙauna. Amma in jiki ya kusa tsayawa, yunwa da ƙishi suna raguwa da kansu. In ba ya iya haɗiya aka matsa masa da kunu ko fura, yana iya sarƙewa ya wuce huhu. Jiƙa leɓe da baki da tsumma mai tsabta ya fi. A shafa masa mai a leɓe. A riƙa juya shi kamar duk awa biyu don kada baya da ƙugu su yi gyambo. A canja shimfiɗa in ta jiƙe. Namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace in da hali, a rufe abin da ya kamata a rufe.

Ka san alamomi don kada ka firgita. Barci zai yawaita. Hannu da ƙafa za su yi sanyi. Numfashi zai riƙa tsayawa yana dawowa. Wani lokaci maƙogwaro ya riƙa ƙara saboda yawu da ya taru ba ya iya haɗiyewa. Sautin yana tayar wa masu ji hankali, amma sau da yawa ya fi damun mu a kan shi. A kwantar da shi ta gefe, a ɗan ɗaga kansa.

Ka kiyaye bakinka ko da ka ga kamar ba ya ji. Tsofaffinmu sun daɗe suna cewa kunne ne ke ƙarshen tafiya. A 2020 masu bincike a Jami'ar British Columbia ta Kanada sun auna ƙwaƙwalwar wasu majinyata da suka daina amsawa a sa'o'insu na ƙarshe, suka ga har lokacin tana amsa sauti. Ƙaramin bincike ne, amma ya zo daidai da abin da kakanninmu ke faɗa. Saboda haka ba a zancen gado a kansa. Ba a cewa "ai wannan ya gama". Ka kira sunansa, ka gaya masa wanda ya shigo, ka ce masa kun yafe, ka roƙe shi ya yafe. Wanda ke nesa ya kasa zuwa, a kira shi a kara wa mara lafiya wayar a kunne. A nan waya ta yi rana.

Laƙƙana shahada kuma da lalama ake yi. Malamai sun ce ka faɗa kusa da shi yadda zai ji, ba ka tsare shi da "ka ce, ka ce" ba, don mutum na cikin mawuyacin hali, kada ƙunci ya sa ya furta abin da ba shi ke nan ba. In ya faɗa sau ɗaya a bar shi, sai in ya sake wata magana.

Sai masu dubiya. Ɗaki ya cika da mutum 15, ana hira ana zafi, wannan ba dubiya ba ce. A shiga biyu-biyu, a taƙaita, a fito.

Na ƙarshe, kuma ina magana da 'yan'uwana maza. Ku dubi mai jinya. Matar nan da ke ɗakin ita ma tana mutuwa kaɗan-kaɗan ba wanda ya lura. Ka karɓe ta dare ɗaya ta yi barci. Ka ɗebo ruwa, ka kawo itace, ka wanke zannuwa. Jinya ba aikin mata ba ne, aikin mai rabo ne. Kuma in maƙwabcinka ba musulmi ba ne, malamin makaranta ne daga Zuru ko ɗan kasuwa daga kudu da ba shi da kowa a garin, shi ma ka je. Annabi ya je duba yaron Bayahude da ke yi masa hidima lokacin da yaron ke kwance ciwon ajali.

Wani zai ce, to ni me zan samu ban da baƙin ciki? Ba zan ɓoye muku ba, akwai wuya. Akwai wari, akwai gajiya, akwai daren da za ka fita bayan ɗaki ka yi kuka. Amma duk wanda na sani da ya yi wannan zama, ban ji wanda ya ce da ya sani bai yi ba. Masu cewa da na sani su ne waɗanda suka ce sai an yi albashi, sai an gama jarrabawa, sai ranar Juma'a, sai kawai waya ta yi ƙara da asuba.

Kuma yana gyara wa mutum ma'auni. Mu da muke kwana muna duba wa ya saka hoton sabuwar mota, wa ya tafi Umara, wa ya fi mu mabiya, in ka zauna da mai barin duniya za ka ji abin da yake tambaya. Yana tambayar bashi. Yana tambayar wanda ya ɓata wa. Yana tambayar wa zai riƙe ƙaramar 'yarsa. Yana tambaya ko an yi kiran salla. In ka ji wannan da kunnenka, wasu abubuwan da ke hana ka barci sai su koma ƙanana. Tsoron mutuwar ma yana sauya kama. Ba ya tafiya, amma ka ga yadda take, ka ga ana iya tarbarta cikin natsuwa in akwai mutane a gefe. Mutuwa rigar kowa ce, kuma yaran da ke kallon yadda muke yi wa iyayenmu yau, su ne za su tsaya kanmu gobe.

Saboda haka ga aikin da zan bar mu da shi wannan makon. Kowa ya san wani da ke kwance. Kaka, gwaggo, tsohon malaminka na allo, maƙwabcin da aka daina gani a masallaci. Kada ka jira sanarwa. Ka je, ka zauna ko da rabin awa ne, ka tambayi mai jinya wane dare za ka karɓe ta. In kana nesa, ka duba ko kuɗin motar da za ka kashe zuwa ta'aziyya ba zai fi amfani yanzu ba. Matasan unguwa da ke da ƙungiyar haƙa kabari, Allah ya saka muku, ku ƙara da jerin masu kwana wajen marasa lafiya, musamman tsofaffin da 'ya'yansu ba sa gari.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Waɗanda kwanansu ya ƙare, Allah ya sa su cika da imani, ya sauƙaƙa musu fitar rai. Masu jinya, Allah ya ba ku lada da juriya. Iyayenmu da suka riga mu, Allah ya jiƙansu, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

A tura wa wanda ake ganin zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.